Ailan: kuɗin duniya sun shigo, gidan kwana ya gagari 'ya'yan ƙasa

A ranar 10 ga Satumban 2024 babbar kotun Tarayyar Turai ta yanke hukuncin ƙarshe cewa kamfanin Apple ya biya ƙasar Ailan bashin haraji na yuro biliyan 13. Abin da ya ɗaure wa mutane kai a shari'ar shi ne gwamnatin Ailan da kanta ta shafe shekara takwas tana biyan lauyoyi don kada a ba ta kuɗin. Tsoronta shi ne manyan kamfanonin Amurka su ga kamar ta juya musu baya, su tattara nasu ya nasu su ƙara gaba. A cikin wannan watan dai, alƙaluman ma'aikatar gidaje ta ƙasar suka nuna mutum fiye da 14,000 ba su da muhalli, suna kwana a ɗakunan otal da masaukan wucin gadi da gwamnati ke biya, kuma sama da 4,000 daga cikinsu yara ne.

Maganar Jamhuriyar Ailan nake yi, mai babban birni a Dublin, ban da arewacin tsibirin da ke ƙarƙashin Birtaniya. Ƙasa ce ta mutum miliyan 5 da 'yan kai, kuma da wuya a sami wadda ta wangale ƙofarta ga jarin waje kamar ta. Shi ya sa masu yabon dunƙulewar tattalin arzikin duniya ke kafa hujja da ita, masu sukar tsarin ma da ita suke kafawa. A ganina kowane ɓangare ya kama wani abu ya saki wani. Buɗe ƙofar ya fitar da ƙasar daga talauci, wannan ba abin musu ba ne. Giɓin samun kuɗi tsakanin iyalai kuma bai ƙaru ba, raguwa ma ya yi. Inda giɓin ya buɗe baki shi ne tsakanin wanda ya mallaki gida da wanda ke zaman haya, kusan a ce tsakanin iyaye da 'ya'yan cikinsu. Kuma a wannan ɓarnar, hannun gwamnatocin ƙasar ya fi na kamfanonin waje yawa.

Sai an san inda mutanen nan suka fito kafin a gane dalilin da ya sa suke lallaɓa kamfanonin haka. Yunwar da ta biyo bayan lalacewar dankali daga 1845 zuwa 1852 ta kashe mutum kusan miliyan 1, wasu kusan miliyan 1 suka hau jiragen ruwa zuwa Amurka da Kanada da Ingila. Tun daga nan ƙaura ta zame musu gado, ko samun 'yanci a 1922 bai tsayar da ita ba. Daga 1932 gwamnatin Éamon de Valera ta lafta kuɗin fito a kan kayan waje da fatan masana'antun gida su tsaya da ƙafarsu, sai dai kasuwar cikin gida ta yi ƙanƙanta. A shekarun 1950 kaɗai mutum kusan 400,000 suka fice, har yawan jama'a ya faɗo miliyan 2.8 a ƙidayar 1961. Maza na leburanci a gine-ginen Landan, mata na aikin jinya da aikatau, fada-fada da sistoci kuma suka bazu duniya suna buɗe makarantu, har Kano, inda sistocin St. Louis suka sauka a 1948.

A 1958 babban sakataren ma'aikatar kuɗi, T.K. Whitaker, ya fitar da rahoton da ya nuna cewa rufe ƙofa ya gaza. Seán Lemass ya zama firaminista a 1959 ya juya akalar, a shekarar kuma aka buɗe yankin ciniki marar kuɗin fito kusa da filin jirgin saman Shannon. A 1967 karatun sakandare ya zama kyauta. Ni a wurina wannan ya fi duk wata dabarar haraji tasiri, domin yaran da suka shiga aji a lokacin, su da 'ya'yansu, su ne ma'aikatan da kamfanonin suka iske daga baya. A 1973 ƙasar ta shiga ƙungiyar kasuwar Turai, kuma aka soke dokar da ke tilasta wa ma'aikaciyar gwamnati ta ajiye aiki da zarar ta yi aure. Apple ya sauka a Cork a 1980, Intel a Leixlip a 1989, Google a Dublin a 2003, Facebook a 2008, ga kamfanonin magani irin su Pfizer da suka riga su zuwa. Abin da ya ja su a fili yake: Turanci, matasa masu ilimi, hanyar shiga kasuwar Turai, da harajin riba na kashi 12.5 cikin 100 daga 2003, a lokacin da na Amurka yake kashi 35.

An ci riba, riba mai yawa. Ƙasar da rashin aikin yi ya kai kashi 17 cikin 100 a tsakiyar shekarun 1980, yanzu yana yawo tsakanin kashi 4 da 5. Ƙidayar 2022 ta sami mutum miliyan 5.15. Jaririn da aka haifa yau ana sa ran ya haura shekara 82 a duniya, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 na masu shekara 25 zuwa 34 sun yi karatun gaba da sakandare. Duk wanda zai soki tsarin nan, ya fara da amincewa da waɗannan.

Sai dai akwai lissafin da bai kamata a ɗauke shi yadda ya zo ba. A 2015 ma'aunin GDP, wato jimillar darajar abin da ƙasa ke samarwa a shekara, ya nuna wai tattalin arzikin Ailan ya ƙaru da kashi 26 cikin 100 a shekara guda, alhali albashin kowa bai motsa haka ba. Abin da ya faru shi ne wasu manyan kamfanoni sun mayar da rajistar haƙƙin mallakar fasaharsu zuwa ƙasar a takarda, sai ribar da suke ci a sassan duniya ta riƙa bayyana a littafin Dublin. Abin ya yi kama da mai masaukin fatake: ɗakunansa cike da haja, wanda ya leƙa sai ya ce attajiri ne, amma kayan na baƙi ne, shi la'ada da kuɗin ajiya ne rabonsa. La'adar tana da tsoka, sai dai ba ita ce hajar ba. Hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta gane haka, a 2017 ta fito da wani ma'auni, GNI*, da ke tace wannan kumfar, kuma abin da yake nunawa bai kai kashi 60 cikin 100 na GDP ba a 'yan shekarun nan. Tsohon gwamnan babban bankin ƙasar, Patrick Honohan, ya yi nazari a 2021 ya ce idan aka bi ainihin abin da mutane ke ci suke sha, matsayin Ailan a Tarayyar Turai yana tsakanin na 8 da na 12, ba na ɗaya ko na biyu da GDP ke nunawa ba. A tsadar kaya kuwa Denmak ce kawai ke gabanta: farashi ya ɗara matsakaicin na Turai da kusan kashi 40 cikin 100.

Batun giɓin samun kuɗi shi ne inda mutane da yawa ke kuskure. Idan aka duba abin da kasuwa ke raba wa mutane kafin gwamnati ta sa hannu, wato albashi da riba da kuɗin haya, Ailan na cikin ƙasashen Turai mafiya rashin daidaito. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kamfanonin wajen da hukumar jawo jari ta IDA ke kula da su suna ɗaukar mutum kusan 300,000 a cikin ma'aikata kimanin miliyan 2.7, wato mutum ɗaya cikin tara, kuma albashinsu ya yi wa na sauran fintinkau. A ɗaya gefen, kusan ma'aikaci ɗaya cikin biyar ƙaramin albashi yake ɗauka, a kantuna da otal-otal da gidajen kula da tsofaffi da mayankar dabbobi. Ga kuma gidajen da babu mai aiki a cikinsu sam, yawanci na uwa mai renon 'ya'ya ita kaɗai ko na mai buƙata ta musamman.

Bayan gwamnati ta sa hannu, hoton yana canzawa. Mai babban albashi yana biyan haraji mai nauyi, domin a 2025 duk abin da gwauro ya samu sama da yuro 44,000 a shekara ana cire masa kashi 40 cikin 100, ban da wasu ƙananan haraji. Mai ƙaramin albashi kuwa kaɗan yake biya. Kowane yaro na da yuro 140 a wata, ga fanshon tsofaffi da tallafin marasa aiki. A ma'aunin Gini, inda sifili ke nufin kowa daidai yake da kowa, 100 kuma mutum ɗaya ya kwashe komai, Ailan na wajen 27 zuwa 28 bayan haraji da tallafi, ƙasa da matsakaicin Tarayyar Turai da ke dab da 30. Cibiyar binciken tattalin arziki ta ESRI ta bi diddigin alƙaluman tun daga 1987 ta ga giɓin ya ragu, a zamanin da yake faɗaɗa a Amurka da wasu ƙasashe masu arziki. Wannan abin a yaba ne, kuma yana karya maganar masu cewa duk inda aka buɗe kasuwa dole talaka ya ƙara nutsewa.

To me ya sa jama'a ke kuka? Saboda wannan lissafin yana ƙirga kuɗin da ya shiga aljihu ne kafin mai gida ya zo karɓar haya. Waɗanda ke cikin haɗarin talauci a ƙasar suna tsakanin kashi 10 da 13 cikin 100 a 'yan shekarun nan. Amma da hukumar ƙididdiga ta cire kuɗin haya daga abin da mutane ke samu, sai adadin a tsakanin masu zaman haya ya tashi zuwa kusan kashi 40.

Asalin matsalar gidan na komawa ga shekarun 2000. Shigowar kuɗin yuro ta ba bankunan Ailan damar ciyo bashi mai araha daga bankunan waje, su kuma suka riƙa zuba shi a gine-gine ba ji ba gani, har suna ba mai sayen gida bashin kuɗin gidan gaba ɗaya ba tare da ya ajiye ko sisi ba. A 2006 an gina gidaje kusan 90,000 a ƙasar da ba ta kai mutum miliyan 4.5 ba, da yawa a garuruwan da babu mai buƙatarsu. Da kasuwar kuɗi ta duniya ta tsaya cik a 2008, gwamnati ta tashi a ƙarshen Satumba ta tsaya wa bankunan a kan dukkan bashin da ke kansu. Ceton bankunan ya lashe yuro biliyan 64. A Nuwamban 2010 ƙasar ta shiga shirin ceto na yuro biliyan 85 a hannun Tarayyar Turai da Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Farashin gidaje ya faɗi da fiye da rabi, rashin aiki ya haura kashi 15 cikin 100.

A duba wanda ya biya. Yawancin waɗanda suka ba bankunan bashi daga waje an biya su kuɗinsu cif. A gida kuwa aka ƙirƙiro sabon haraji a kan albashi a 2011, aka zaftare tallafin matasa marasa aiki har zuwa yuro 100 a mako, sababbin malamai da ma'aikatan jinya kuma aka ɗauke su a kan albashin da ya gaza na waɗanda suka riga su da kashi 10 cikin 100, aji ɗaya, aiki ɗaya. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Matasan da ba su ci ko anini a rabon ba su ne suka sake cika jiragen Ostireliya da Kanada, cikinsu har da magina da kafintoci da masu aikin lantarki da famfo.

Kuskuren da ya fi kowanne tsada a nan aka yi shi: aka daina gini. A 2013 gidajen da aka kammala a faɗin ƙasar ba su kai 5,000 ba. Ƙananan hukumomi, waɗanda a shekarun 1970 su ke gina kusan kashi ɗaya cikin uku na sababbin gidaje don masu ƙaramin ƙarfi, a 2015 abin da suka gina da kansu bai kai gida 100 ba. Maimakon gini, gwamnati ta koma biya wa talakawa haya a gidajen 'yan kasuwa, wato ta shiga layi ɗaya da sauran masu neman haya tana ƙara wa farashi wuta. Hukumar NAMA da ta kwashe ruɓaɓɓun basussukan bankuna ta sayar da su da rahusa ga kamfanonin jarin waje, waɗanda mutanen ƙasar ke kira ungulaye. A 2021 wani kamfanin jari ya yi cinikin gidaje 135 cikin 170 na wata sabuwar unguwa a Maynooth don ya zuba 'yan haya, ma'aurata matasa na kallo. Sai da ƙasar ta ɗauki zafi kafin gwamnati ta sa harajin kashi 10 cikin 100 a kan mai sayen gida goma ko fiye a shekara.

Ana cikin haka tattalin arziki ya farfaɗo, kamfanonin fasaha suka ɗebi ma'aikata daga ko'ina a duniya, jama'a suka ƙaru, gidaje ba su ƙaru ba. Matsakaicin kuɗin hayar da ake tallatawa a dandalin Daft.ie ya tashi daga yuro 765 a wata a 2011 ya haura 2,000 a farkon 2025. Mafi ƙarancin albashi a 2025 yuro 13.50 ne a awa, wanda ya yi aikin awa 39 a mako abin da zai samu a wata bai kai 2,300 ba, kafin a cire haraji. Injiniyan kwamfuta zai iya biya, da ƙorafi. Malamar firamare da direban bas da mai wankin asibiti, su ne ake tura su Drogheda da Navan da Portlaoise, su tashi tun asuba su kama hanyar Dublin, su dawo yara sun yi barci.

A 1991 kashi 80 cikin 100 na iyalai a gidan kansu suke zaune, a 2022 sun koma kashi 66. A 1991 daga shekara 26 yawancin magidanta sun mallaki gida, a 2022 sai daga shekara 36. Baligai fiye da rabin miliyan suna zaune a gidan iyayensu. Wanda ya sayi gida a 1995 da albashin malanta, yau mai dukiya ne ba tare da ya ƙara ko bulo ɗaya ba. 'Yarsa mai digiri biyu, mai albashin da ya fi nasa, tana ɗakin da ta yi ƙuruciya. Dokar babban banki ta ce mai sayen gidan farko ya ajiye kashi 10 cikin 100 na kuɗin, kuma bashin kada ya wuce ninki huɗu na abin da yake samu a shekara. Dokar tana da ma'ana bayan abin da ya faru a 2008, amma wanda rabin albashinsa ke tafiya a haya, da me zai yi ajiyar? Sai wanda iyayensa ke da abin ba shi. Ta haka gado ya dawo yana raba mutane a ƙasar da ilimi kyauta ya fara daidaita su. Alƙaluman babban bankin na nuna kashi 10 cikin 100 na iyalai ke riƙe da kusan rabin dukiyar ƙasar.

Wanda ya faɗo daga layin haya, ɗakin otal ne makomarsa. Uwa da 'ya'ya biyu ko uku a ɗaki ɗaya, babu wurin girki sai butar dafa ruwa, kayan makaranta a shanye a banɗaki, aikin gida a kan gado, ba a yarda baƙo ya shigo ba. Da safe bas biyu kafin a kai yaran makarantarsu ta da, domin uwar ba ta son su rasa ita ma. Akwai yaran da suka koyi tafiya a barandar otal. A titin Bow da ke tsakiyar Dublin, cibiyar 'yan ɗarikar Capuchin ta Katolika da Kevin Crowley ya kafa a 1969 tana raba abinci, kuma layin ƙunshin kayan masarufi yakan miƙe a titi tun da sanyin safiya. A bakin kogin Liffey, unguwar bankunan duniya da aka kafa a 1987 tana maƙwabtaka da titin Sheriff, ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin talakawan birnin. Wani rahoton hukumar ilimi mai zurfi na 2014 ya nuna kashi 99 cikin 100 na matasan shiyyar Dublin 6 ta masu hali suna wucewa gaba da sakandare, na shiyyar Dublin 17 ta talakawa kuwa kashi 15.

A wajen manyan birane, kasuwar duniya ta ba wasu ta ƙwace wa wasu. Kamfanin tufafi na Fruit of the Loom ya ɗauki dubban mutane aiki a Buncrana da ke Donegal, a 2006 ya rufe ya koma Maroko. Dell ya sanar a Janairun 2009 cewa zai mayar da haɗa kwamfuta daga Limerick zuwa Folan, mutum 1,900 suka rasa aiki. Arahar da ta kawo su ita ta ɗauke su. Yankin arewa da yamma ya ja baya har Tarayyar Turai ta sauke shi daga sahun yankuna masu ci gaba. Ko a tsakanin manoma giɓin a bayyane yake. Da Tarayyar Turai ta cire ƙa'idar yawan madarar da manomi zai samar a 2015, masu shanun tatsa na kudu suka faɗaɗa, a 2022 matsakaicin abin da gonar madara ta samu ya kusa yuro 150,000, na mai kiwon maruƙa kuwa, waɗanda suka fi yawa a yamma, bai kai 10,000 ba. Wani ɓangare na madarar nan ana cire mata mai a maye da man kwakwar manja, a mayar da ita gari, ta sauka a kasuwannin Najeriya da Senegal da Mali a farashin da nonon makiyayanmu ba zai iya gogayya da shi ba.

Harkar lafiya ma hawa biyu ce. Kusan rabin jama'a na biyan inshora, akasari don su tsallake layin asibitin gwamnati. Wanda bai cancanci katin magani kyauta ba, ganin likitan unguwa kaɗai yakan ci masa wajen yuro 60. Ƙungiyar ma'aikatan jinya na ƙirga marasa lafiyar da aka kwantar a asibiti amma babu gado, suna kwance a kan gadon turawa a baranda, kuma a ranar 3 ga Janairun 2023 ta ƙirga 931. Likitocin da ƙasar ta horar suna tafiya Ostireliya, ana cike gurbinsu da na Pakistan da Sudan da Najeriya, kusan rabin ma'aikatan jinya kuma a waje suka yi karatu, yawanci Indiya da Filifin.

Wannan ya kawo mu ga baƙi. A ƙidayar 2022 mutum ɗaya cikin biyar a wata ƙasa aka haife shi. 'Yan Folan sun zo daga 2004, 'yan Burazil na aiki a mayanka da kai abinci a kan keke, 'yan Yukiren sama da 100,000 sun sami mafaka daga 2022. Shekaru da dama an zauna lafiya, har ɗan Najeriya Rotimi Adebari ya zama magajin garin Portlaoise a 2007. Ƙarancin gida ne ya fara gurɓata zaman. A ranar 23 ga Nuwamban 2023, bayan wani ya daɓa wa yara wuƙa a ƙofar makaranta, tarzoma ta ɓarke a tsakiyar Dublin, aka ƙona motocin bas da taragon jirgin cikin gari, aka fasa kantuna. An cinna wa gine-gine wuta a garuruwa da dama don kawai an ji za a sauke masu neman mafaka a ciki. A 2024 masu neman mafakar da gwamnati ta kasa ba su gado suka kafa tantuna a bakin magudanar Grand Canal, tafiyar 'yan mintoci daga ofisoshin Google. Mutanen unguwannin talakawa na da gaskiya idan suka ce su ake jibge wa nauyin ba tare da shawara ba. Amma ɗora wa baƙo laifin rashin gida zalunci ne. An daina gini shekaru kafin yawancinsu su zo, su ne suka fi cunkusuwa a ɗakunan haya, kuma ba don su ba da asibitocin sun tsaya.

Abin da ya fi damuna shi ne ginshiƙin da rabon arzikin nan ya dogara a kai. Harajin ribar kamfanoni ya tashi daga yuro biliyan 4.6 a 2014 zuwa biliyan 28 a 2024, ban da kuɗin shari'ar Apple. Kamfanoni goma ne ke biyan fiye da rabinsa, majalisar da ke sa ido kan kasafin ƙasar kuma ta ƙiyasta cewa uku kacal na biyan kusan kashi ɗaya cikin uku ko ma fiye. Ma'ana, kuɗin littattafan makaranta kyauta da abincin ɗalibai da ƙarin fansho suna rataye ne a kan shawarar da wasu 'yan tsiraru za su yanke a ofisoshinsu na Amurka. Ƙarin harajin manyan kamfanoni zuwa kashi 15 cikin 100 daga 2024 bai kore su ba, amma kuɗin fiton da Donald Trump ya ƙaƙaba a 2025 da matsin da yake wa kamfanonin magani su koma gida sun nuna yadda abin yake a hannun wasu. Kuma a faɗi gaskiya, wani kaso na kuɗin nan haƙƙin wasu ƙasashe ne: binciken masanin tattalin arziki Gabriel Zucman da abokan aikinsa na 2018 ya sa Ailan a kan gaba cikin wuraren da ake karkatar da riba, fiye da dala biliyan 100 a 2015 kaɗai. A 2024 gwamnati ta kafa asusun ajiya guda biyu don ta riƙa killace wani ɓangare, kuma ta yi daidai.

Yanzu kuɗin gini ba shi ne matsalar ba, baitulmali na da rara. A rahotonta na 2024, hukumar nazarin gidaje ta ce a lokacin ƙidayar 2022 ƙasar na da giɓin gidaje tsakanin 212,500 da 256,000. Gwamnati ta sa wa kanta burin gina kimanin 50,000 a shekara daga 2025 zuwa 2030, amma a 2024 aka kammala 30,330, ƙasa da na shekarar da ta gabata. Maginan da suka tafi bayan 2008 ba duka suka dawo ba. Samun izinin gini na ɗaukar lokaci, ga ƙararrakin maƙwabtan da ba sa son a yi gini kusa da su, waɗanda yawancinsu sun riga sun mallaki nasu. Rumbunan ajiyar bayanan intanet na kamfanonin fasaha sun sha kashi 22 cikin 100 na lantarkin ƙasar a 2024, daga kashi 5 a 2015, fiye da dukkan gidajen birane a haɗe, sababbin unguwanni kuma na jiran a ja musu wuta da ruwa. Kusan kashi 85 cikin 100 na ruwan Dublin daga kogin Liffey kaɗai yake fitowa, kuma bututun kilomita 170 da zai jawo ƙari daga kogin Shannon, wanda aka daɗe ana maganarsa, ba a sa ran ruwa ya bi ta cikinsa kafin shekarun 2030.